Ku Tambaya, Mu Kwance: Akwatin da Ke Kashe Kansa da Sauran Tarkacen Kasuwa

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka dosa: ƙananan na'urorin nan masu walƙiya da ake tallarsu a kasuwannin Kejetia da Adum na Kumasi, a bakin titi idan motoci sun cunkushe, da kuma a TikTok. Masu gyaran kayan wuta da ke amsa tambayoyin wannan fili sun raba su gida biyu. Akwai wanda ba shi da amfani kuma bai ɓoye ba. Akwai wanda ba shi da amfani amma ya zo da alkawari a baki. Na farkon ba mu da rigima da shi. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Asawase: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 ya ga wani akwati a waya. Ka ɗaga makunninsa, sai hannu ya fito daga ciki ya kashe shi, ya koma ya rufe. Iyakar aikinsa ke nan. Ya dame ni in ba shi kuɗin kayan haɗawa. Ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi kuɗin. Akwatin nan ba yau aka fara shi ba. Marvin Minsky ne ya yi tunaninsa a 1952 lokacin da yake aiki a Bell Labs a Amurka, Claude Shannon kuma ya ƙera shi, kuma dukansu biyu suna cikin waɗanda ilimin kwamfuta ya tsaya a kan aikinsu. Abin da ke jan mutum gare shi shi ne kamar yana da zuciya: ka umarce shi, ya ƙi. Babu mai taɓa shi sau ɗaya ya bari. Shi kuwa yaron da ya haɗa shi da hannunsa ya koyi juya moto gaba da baya, ya koyi makunnin da ke tsayar da inji idan ya kai iyaka, kuma a kan wannan dabarar ake gina ƙofar gida mai buɗe kanta.

Abin da zai nema: makunni mai sanda mai ƙafa shida, ƙaramin makunni mai harshe wanda ake dannawa, moto mai giya na batir wanda juyinsa bai wuce 30 zuwa 60 a minti ba, batir AA biyu zuwa huɗu da gidansu, siraran wayoyi, dalma, da akwatin katako ko na roba mai murfi. Makunni mai ƙafa shidan ya zama mai matsayi biyu kawai. Idan aka sayi mai tsayawa a tsakiya, hannun zai tura shi rabi, wuta ta ɗauke, komai ya tsaya cak da murfi a buɗe. Kada kuma ya ɗauko moton da ke juya faranti a cikin tsohuwar makrowef. Wannan da wutar gida yake aiki, ba abin wasan yaro ba ne.

Haɗin ga yadda yake. Ƙafafu biyu na tsakiya su tafi ga moto. Biyun gefe ɗaya su tafi ga batir kai tsaye. Biyun ɗaya gefen su ma ga batir, amma a gicciye, wato waya mai ja ta koma inda baƙa take, sannan a yanke ɗaya daga cikinsu a saka ƙaramin makunnin a tsakani. Ƙaramin makunnin yana da ƙafa uku. A yi amfani da mai alamar C da mai alamar NC, domin wuta ta riƙa wucewa sai an danna shi. A kafa shi inda hannun zai kwanta a kansa idan ya koma gida. Da an ɗaga babban makunni, moto ya juya gaba, hannu ya ɗaga murfi ya ture makunnin, wuta ta juya, hannu ya koma baya har ya danne ƙaramin makunni, shi ke nan ya mutu.

Inda ake shan wahala wajen hannun ne. A fara yanka shi da kwali a gwada lanƙwasarsa kafin a taɓa katako. Idan ya kai ga makunni ya tsaya yana gurnani, ko dai hannun ya yi tsawo, ko makunnin ya yi tauri, ko batir ya yi sanyi. Rage tsawon hannu shi ne magani mafi sauƙi, domin gajeren hannu ya fi ƙarfin turi. Idan ya juya ta inda ba a so, a sauya wayoyin moto biyu. Idan batir na ƙarewa dare ɗaya, hannun ba ya danne ƙaramin makunni sosai, moton yana ta dannawa a ɓoye yana cin wuta.

Tambaya, daga wata Hajiya mai sayar da sobolo da ƙanƙara a Aboabo: Firiza biyu nake da su, kuɗin wuta ya ishe ni. An kawo mini wani ɗan akwati da ake soka wa a soket, an ce zai rage mini kuɗin wuta da kusan rabi. Mai tallar ya gwada a gabana da wani ma'auni, na ga lamba ta sauka. In saya?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Idan aka buɗe akwatin, abin da ake samu kafasita ce guda, wato ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta, da fitila kore ko biyu, wani lokaci da fis. Wasu ma kafasitar ba a jona ta da komai ba.

Lambar da kika ga ta sauka gaskiya ce, sai dai ba ita ake biya ba. Moto kamar na fanka ko na firiza yana jan wuta iri biyu. Akwai wadda yake ci ya yi aiki da ita, akwai kuma wadda yake karɓa ya mayar a kowane bugun wuta don ya riƙe maganaɗisunsa. Ma'aunin da mai tallar ya maƙala a waya yana ƙirga duka biyun a haɗe, a matsayin amfiya. Kafasita tana rage ta biyun, sai amfiya ta sauka. Mitar kamfanin wuta na ECG da ke gidanki kuwa ta farkon take ƙirgawa, wato kilowat na awa ɗaya (kWh), kuma akwatin bai taɓa ta ba. Shi ya sa kullum da moto maras kaya suke gwajin, inda wutar kai da kawowa ta fi yawa. Manyan masana'antu suna girka kafasitoci don lissafinsu daban ne. Shago mai firiza biyu ba ya cikin wannan lissafi.

Ki gwada da kanki idan mai tallar ya yarda ya bar miki shi. A fuskar mita akwai ƙaramar fitila ja mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba da imp/kWh, misali 1000 ko 1600. Ki kashe komai na gidan, har firiza, ki bar fanka ɗaya a kan lamba ɗaya. Ki ƙirga ƙiftawar cikin minti goma. Fanka mai cin wat 70 a kan mita mai 1000 za ta ba da wajen 11 ko 12. Ki soka akwatin ki sake ƙirgawa. Lamba ɗaya za ki samu. Ba a gwajin da firiza ko dutsen guga, domin suna ɗaukewa su dawo da kansu, sai lissafi ya rikice. Idan kin zare akwatin kuma kada ki taɓa ƙarafan fuloginsa: mai arha ba a sa masa abin da zai sauke wutar da kafasita ta riƙe, yana iya fizgar hannu.

Inda kuɗinki ke tafiya da gaske: robar bakin murfi, ƙanƙarar da ta daskare a bango, da zafin wurin. Ki saka takarda a bakin murfi ki rufe ki ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu, a sauya. Ƙanƙarar bango idan ta kai kaurin yatsa a narkar da ita. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin firiza da bango, a share ƙurar bayanta, kada rana ta doke ta. Sobolo ya huce sarai kafin ya shiga. Idan kuma firizar tsohuwa ce ta gwanjo, irin waɗanda Gana ta hana shigo da su tun 2013 saboda cin wuta, lokacin sauyawa ki duba takardar taurari ta Hukumar Makamashi da ke manne a jiki. Adadin wutar da za ta ci a shekara yana rubuce a kai.

Tambaya, daga wani matashi mai tebur a Alabar: Yayyena, ina so in yi odar kayan burgewa daga Sin: abin juyawa a yatsa, fitilu masu rawa, irin waɗannan. Me ke sa wani ya karɓu, wani ya kwanta? Ina tsoron kaya su kwana a hannuna.

Amsa: Tsoronka a kan hanya yake, ƙanenmu. Fara da sanin me mutum yake saya. A 1975 wani mai aikin talla a Kaliforniya, Gary Dahl, ya zuba duwatsun bakin teku a kwali mai hudojin shan iska, ya shimfiɗa musu ciyawa, ya haɗa da ɗan littafin yadda ake kiwon dutse, ya sa dala 3.95. Ya sayar da sama da miliyan ɗaya. Ba wanda ya ruɗu. Kowa ya san dutse ne. Dariyar aka saya, da daɗin miƙa wa wani kyauta a ga fuskarsa. Cikin wata shida kasuwar ta mutu, domin ba a yi wa mutum barkwanci ɗaya sau biyu.

Kayan da ke tafiya suna da hali uku. Suna nuna kansu cikin daƙiƙa biyar ba tare da bayani ba, har wanda ke cikin tirotiro ya gani ta taga ya gane. Kuɗinsu bai kai wanda mutum zai tsaya shawara da kansa ba. Sannan wanda ya saya yana ɗokin nuna wa na kusa da shi, shi ne tallan da ba ka biya ba. Abin juyawa a yatsa ya cika ukun a 2017, alhali ba komai ba ne illa boris mai lamba 608, mai faɗin milimita 22, da roba kewaye da shi. Ya hau sama wajen watan Mayu, kafin ƙarshen shekara ya faɗi.

Wannan saurin faɗuwa shi ne haɗarinka. Kayan jirgin ruwa daga Gwangzhu ko Yiwu, kafin su iso Tema, a fitar da su, su hau mota zuwa Kumasi, wata biyu ba abin mamaki ba ne. Idan sai da ka ga abu a hannun kowane yaro a Zango sannan ka yi oda, ka makara. Saboda haka ka ɗauko kaɗan ta jirgin sama ka gwada tebur da su, ko ka sara a hannun manyan dilolin Kejetia ka haƙura da ƙaramar riba. Ka lissafa kuɗin dako da girman kwali, ba da nauyi kawai ba: abin wasa mai iska a ciki yana cin wuri. Ka ware kason karyewa tun kafin ka sa farashi. Ka guji mai batirin caji a ciki idan ba ka da tabbacin zai fita da wuri, domin batir da ya yi watanni a ɗakin ajiya mai zafi yana mutuwa ko ya kumbura. Ka auna isowarsu da sallah ko ƙarshen shekara. Bayan sallah farashin abin wasa faɗuwa yake.

Kada kuma ka yi saurin raina abu. A Japan wani editan mujalla, Kenji Kawakami, ya shahara tun shekarun 1980 da ƙera abubuwan da suke warware matsala amma su jawo wadda ta fi ta: ƙaramar fanka a jikin tsinken cin taliya, takalman goge ƙura na kyanwa, hula mai nadin takarda don mai mura. Chindogu ake kiransu, kuma cikin ƙa'idojinsu har da cewa sai an ƙera abin da gaske, ba a sayar da shi, ba a yi masa rajistar mallaka. A cikin littafinsa na 1995 akwai sandar ɗaukar hoton kai, a matsayin abin dariya. Da wayoyi masu kyamara suka zo, sandar ta zama kasuwa a duniya. Akasin haka ma ya faru: wani kamfani a Amurka, Juicero, ya tara dala miliyan 120, ya fitar da injin matse jakar 'ya'yan itace a kan dala 699, sai 'yan jaridar Bloomberg suka nuna a 2017 cewa hannu ma yana matse jakar. A shekarar kamfanin ya rufe.

Shawara ta ƙarshe gare ka: sayar da abin dariya a matsayin abin dariya. Ranar da ka ce yana maganin wani abu, ranar ka fara tara masu neman ka.

Tambaya, daga wata mai jego a Sawaba: Na sayi na'urar da ake cewa tana korar sauro da ƙarar da kunne ba ya ji, na kuma sayi fitila mai shuɗin haske mai kashe ƙwari. Har yanzu sauro na cizon jaririna. Ni ce ban iya amfani da su ba?

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Ba laifinki ba ne. Na'urar ƙarar an daɗe da gwada ta. A 2007 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje goma da aka yi a fili, ba a ga ta rage sauron da ke sauka a jikin mutum ba ko kaɗan. Haka manhajar waya da ke da'awar yin wannan ƙara. Macen sauro, wadda ita ce mai cizo, numfashin mutum take bi, da ɗumin jiki da warin fata. Haske bai dame ta ba sosai, shi ya sa fitilar ma ba ta yi miki aiki ba. A wani bincike na Jami'ar Delaware a 1996 an ƙirga ƙwari 13,789 da irin fitilun nan suka kashe; masu cizo a cikinsu 31 ne kacal. Tas-tas ɗin da kike ji da dare, malam-buɗe-littafin dare ne da ƙananan ƙwari.

Raket ɗin hannu mai wuta yana kashe sauron da ya taɓa, wannan gaskiya ne, sai dai ba ya gadi idan kin yi barci. Kada a kaɗa shi bayan an fesa maganin sauro na gwangwani ko kusa da tukunyar gas, tartsatsinsa na iya kunna wuta. Kada kuma a bar shi a soket ya kwana. Yawancinsu ba su da abin da ke tsayar da caji, batirin yana lalacewa da wuri.

Jariri gidan sauro mai magani yake bukata, irin wanda ake bayarwa wajen awo. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗinke duk hudar da ta fito. Zazzaɓi a jikin jariri kuma na asibiti ne a ranar.

Tambaya, daga wani tela a Tafo Zango: Ƙaramin akwatin sanyi da ake zuba wa ruwa a jona da cajar waya, an ce esi ne na talaka. Kwana biyu ina kunna shi a shago, sai jiki ya riƙa danƙo. Ko ruwan sanyi zan riƙa zubawa?

Amsa: Maigida, fanka ce da jiƙaƙƙen soso a gabanta. Dabarar ta randa ce: ruwa idan yana bushewa yana tafiya da zafi. Lita ɗaya idan ta bushe ƙaf tana kwashe zafin da ya kai wat 670 na awa ɗaya. A ce tankinsa rabin lita ne, ya ƙare cikin awa shida; sanyin da ya bayar bai kai wat 60 ba. Jikin mutum ɗaya a zaune yana fitar da wajen wat 100. Ƙaramin esi na ɗaki yana kwashe wajen wat 2,600. Ka ga ko kai kaɗai akwatin bai iya da kai ba, balle ga dutsen guga a gefe.

Sannan ga iskar Kumasi. Ruwa ba ya bushewa sai iska tana da ƙishi, iskarmu kuwa a yawancin shekara cike take da laima. Ɗan abin da akwatin ya ƙara sai ya hana guminka bushewa, shi ne danƙon da kake ji. A Tamale ko Bolgatanga lokacin zafi, ko nan lokacin hunturu, za ka ji ɗan sanyi a fuska idan kana kusa. Dabarar ba ƙarya ba ce a inda ta dace: Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa a Nijeriya, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke hana tumatir da gauta ruɓewa a ƙasa mai busasshiyar iska. Ƙanƙara za ta ɗan taimaka, amma kilo guda idan ya narke wat 93 na awa ɗaya yake kwashewa. Ka sayi fanka mai ƙarfi, ka buɗe taga ta gaba da ta baya. Idan za ka ci gaba da akwatin, ka zubar da ruwan kullum ka shanya soson, in ba haka ba zai yi funfuna ya riƙa hura maka ita.

Tambaya, daga wata ɗalibar jami'ar KNUST: Fawa banki mai sola, an rubuta 50,000 mAh a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, amma sau ɗaya da rabi yake cika wayata. Na shanya shi a rana wuni guda bai ƙaru ba.

Amsa: Ki ɗora shi a sikelin mai sayar da nama ko na mai kanti. Batirin da aka fi zubawa a ciki, mai lamba 18650, nauyinsa giram 45 zuwa 50, kuma mai kyau wajen 3,500 mAh yake ɗauka. Kafin a kai 50,000 sai an jera 15, wato giram 700 na batir zalla. Na gaskiya yana kai kilo ɗaya. Idan naki bai wuce nauyin waya da kaɗan ba, 10,000 ne ko ƙasa. Wasu kuma ana cika musu ciki da yashi don su yi nauyi, don haka nauyi yana tona ƙarya amma ba ya tabbatar da gaskiya. Lissafinki ma ya nuna: waya mai batir 5,000, irin yawancin Tecno da Infinix, fawa banki mai 10,000 na gaske bai fi sau ɗaya da rabi yake cika ta ba, saboda ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku wajen ɗaga wutar da sauke ta.

Solar kuwa ado ce. Faranti mai girman tafin hannu wajen wat ɗaya yake bayarwa a tsakiyar rana. Batir mai 10,000 yana ɗaukar wat 37 na awa ɗaya, rana mai ƙarfi kuma awa huɗu zuwa biyar ce a wuni. Sama da mako ke nan. Ki daina shanya shi: batirin litiyam ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45, kwanon rufi da rana kuwa ya fi haka. Idan ya kumbura, ki raba shi da ɗakin kwana. Mai son cajin rana saboda dumso, wato ɗauke wuta, ya nemi faranti daban mai wat 10 zuwa 20 da doguwar waya, faranti a rana, batir a inuwa.

Tambaya, daga wani Alhaji a Akwatia Line: Na'urar da ake tsoma ƙafa a ruwa, ruwan ya koma ja da baƙi, a ce dattin jiki ne ya fita. Gaskiya ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, tsatsa ce. A cikin ruwan akwai ƙarafa biyu da wuta ke bi ta tsakaninsu, ga gishiri an barbaɗa. Ƙarfen yana cinyewa ya rina ruwan. Ka ce su kunna ta minti ashirin ba ƙafar kowa a ciki, launin zai fito. Dattin jini ƙoda da hanta ke tace shi, ba tafin ƙafa ba. Abin da ya fi damun mu shi ne mai hawan jini ko ciwon suga da zai ajiye maganinsa don ya ga ruwa ya yi baƙi. Mai ciwon suga da ke da rauni a ƙafa kada ma ya tsoma.

Tambaya, daga wata kaka a Moshie Zango: Jikokina suna dawowa da zobba masu haske da ƙananan ƙwallayen maganaɗisu daga yawon sallah. Akwai abin tsoro?

Amsa: Akwai, Inna, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi a yau. Hasken daga batir mai kama da maɓallin riga yake zuwa. Mai lamba CR2032, faɗinsa milimita 20, idan yaro ya haɗiye yana iya maƙalewa a maƙogwaro ya ƙona nama cikin awa biyu, ko da batirin ya daina kunna fitila. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure shi da sukuru ba, a karɓe daga hannun ƙaramin yaro. Alamomin su ne dalalar da yawu, ƙin abinci, tari ko amai ba gaira ba dalili. Kada a sa shi amai, kada a jira a ga ko zai fita a bayan gida. A nufi asibiti mai hoton ƙirji nan take, kamar Komfo Anokye, a faɗa musu batir ake zargi. Idan yaron ya haura shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai kai awa 12 ba, ana ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma, har sau shida, a kan hanya. Tana rage ƙunar, ba ta maye gurbin asibiti. Jariri ƙasa da shekara ba a ba shi zuma.

Maganaɗisun kuma idan biyu ko fiye suka shiga ciki, suna manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Shi ma na gaggawa ne ko da yaron yana wasansa.

Tambaya, daga wani direban tasi a Suame: Furen roba mai rawa da hasken rana da ke gaban motata ya daina rawa. Na san ba ya tsinana komai, amma fasinjoji na son shi. Yana gyaruwa?

Amsa: Sau da yawa yana gyaruwa, Masta. A cikinsa akwai ɗan farantin sola, ƙaramar kafasita, nadin waya siririya kamar gashi, da maganaɗisu a ƙasan wani lilo. Kafasita ta tara wuta, ta sake ta cikin nadin, nadin ya ture maganaɗisu, fure ya kaɗa. Turin ba shi da ƙarfi, don haka abu kaɗan ke tsayar da shi. Fara da goge farantin, sannan ka duba ko yana zaune daidai. Idan ya karkata, lilon yana gogar bango. Ɓalle gindin da bakin wuƙa a hankali, ka hure ƙurar da ke kan ƙusar lilon. Kada ka ɗiga mai, yana kama ƙura ya ƙara tauri. Idan zafin gilashi ya lanƙwasa robar har tana gogar wani wuri, ka kankare wurin da reza. Ka taɓa lilon da yatsa a cikin rana: idan ya ɗauka ya ci gaba, matsalar gogayya ce. Idan ya yi lilo biyu ya tsaya, duba inda siririyar wayar ta haɗu da allon. A nan take tsinkewa, kuma ɗigon dalma ɗaya ya isa, bayan an kankare fentin bakin wayar. In nadin ne ya tsinke daga ciki, kuɗin gyara ya fi na sabo.